Yadda Ake Bibiyar Opera Ta Rediyo Da Intanet

Ni dai da faifan gwanjo na fara. Wani mai sayar da tsofaffin littattafai ne ya ɗora mini shi gyara a kan ƙamus ɗin da na saya. A bangonsa akwai hoton ƙattai uku cikin baƙaƙen kwat, kowa baki a wangame. Sai daga baya na san manyan mawaƙan opera ne, Pavarotti da Domingo da Carreras, a wasan da suka yi a birnin Rum a 1990, daren jajibirin wasan ƙarshe na Kofin Duniya. Ko kalma ɗaya ban ji ba, amma sai da faifan nan ya karce don juyi. Inda na yi asarar shekaru shi ne da na tsaya a nan, ina ta tsintar gutsattsarin waƙoƙi, ban san kowacce daga tsakiyar wani dogon labari aka yanko ta ba.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rerawa maimakon a faɗa. Makaɗa, wani lokaci sun haura saba'in, suna zaune a wani rami da ke gaban dandamali, jagoransu na tsaye da ɗan tsinke a hannu. Mawaƙan kuwa ba su riƙe makirufo. Da ƙarfin huhu da horon maƙogwaro muryarsu ke ƙetare makaɗan ta isa kujerar ƙarshe. A Italiya abin ya samo asali wajen 1600, shi ya sa yawancin kalmomin sana'ar na Italiyanci ne. Wanda ya taɓa zama sa'a uku gaban fim ɗin Indiya tun kafin a fara fassara su, ya kuma fita da hawaye, ya riga ya san yadda ake bin labarin da ake rerawa da harshen da ba a ji.

Kayan da za ka tanada

Waya ko kwamfuta, kowacce ta samu. Abin da ba a yi masa rowa shi ne iyafis. Lasifikar waya tana cinye ƙananan sautuka, ta mayar da muryar mace ƙara mai soke kunne, kuma da yawan masu cewa opera ihu ce a lasifikar waya suka ji ta. In da hali, nemi irin wanda ke rufe kunne gaba ɗaya.

Sai data. Sauti zalla ba ya cin komai: tashar da ke watsawa a kan 128 kbps tana cin kamar megabait 58 a sa'a. Bidiyo ne mai haɗama, za mu zo kansa. Sai fawa-bank a cike, domin wasa guda yana kai sa'a uku, kuma wuta ba ta neman izini kafin ta tafi. Sai ƙaramin littafi da biro. Sai Turanci ko Faransanci gwargwadon karanta fassarar da ke ƙasan allo. A agogon wayarka kuma ka ƙara birane biyu, Niyok da Milan.

Mataki na 1: Zaɓi wasa ɗaya tak

Kada ka ce za ka san opera gaba ɗayanta. Ɗauki guda, ka zauna da ita mako biyu. Ni Tosca nake ba kowane sabon shiga, wadda Puccini ya tsara, aka fara nuna ta a Rum a 1900. Kiɗanta kamar sa'a biyu ne, manyan 'yan wasa uku ne kawai, kuma labarin ba ya tsayawa shan iska. In kana son raha, ɗauki Il barbiere di Siviglia ta Rossini. In Faransanci ya fi zauna maka, kamar 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ɗauki Carmen ta Bizet, za ka riƙa tsintar kalmomin da kunnenka. Aida ta Verdi ma ba laifi: a Alƙahira aka fara nuna ta a 1871, labarin gimbiyar Habasha ce da aka kama baiwa a fadar Masar.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ji an ce Wagner, Bajamushen mai tsara opera, shi ne ƙarshe, sai ya faɗa masa da farko. Jerin wasanninsa huɗu da ake kira Ring sun kai kimanin sa'a 15. Wanda bai iya iyo ba ba ya fara da tsakiyar Kwara.

Mataki na 2: Karanta labarin kafin ka kunna

A fim, wanda ya faɗa maka ƙarshe ya cuce ka. A nan akasin haka ne. Kowa a zauren ya san yadda za ta ƙare, sun zo ne su ji yadda za a rera ta. Rubuta sunan wasan a Wikipedia, ko ka shiga shafin Metropolitan Opera, babban gidan opera na Niyok, akwai taƙaitaccen labarin kowane wasa kashi-kashi.

Ga na Tosca, don ka ga iyakar abin da ake buƙata. Zabiya ce mai kishi, masoyinta Cavaradossi mai zane ne. Ya ɓoye wani fursunan siyasa da ya tsere. Shugaban 'yan sanda, Scarpia, ya kama shi, ya sa ana gana masa azaba a ɗakin da ke kusa, Tosca na jin ihunsa. Ya ce da ita in ta ba shi kanta zai sa a yi wa masoyin nata harbin ƙarya maimakon kisa. Ta amsa, ya rubuta musu takardar fita gari, ta daɓa masa wuƙa. Da asuba aka yi harbin, ashe na gaske ne. Ta faɗo daga saman kurkukun.

Rubuta sunayen nan uku a littafinka, da dangantakar da ke tsakaninsu. In kana da ƙwazo ka nemi cikakken rubutun waƙar, wanda ake kira libretto. Na tsofaffin wasanni suna nan kyauta, Italiyanci a hagu, fassara a dama.

Mataki na 3: Koyi rarrabe muryoyi

Ilimin da kake buƙata bai wuce wannan ba. Muryar mace mafi tsayi ita ce soprano, yawanci ita ce tauraruwa, kuma yawanci ita ke mutuwa. Ƙasa da ita mezzo, mai kauri da ɗumi: kishiya, uwa, boka, wani lokaci ma saurayi ɗan ƙuruciya, mace ta sa wando ta fito a matsayinsa, kada abin ya ruɗe ka. A maza, tenor shi ne mai tsayi, shi ne masoyi. Bariton na tsakiya, uba ko mugu. Basso shi ne can ƙasa, sarki ko dattijo ko malamin addini. A Tosca an raba maka aikin: ita soprano, masoyin tenor, Scarpia bariton.

Inda labari ya tsaya mutum ɗaya ya zazzage abin da ke cikinsa, wannan ita ce aria. Inda ake magana-magana cikin rerawa don labari ya ci gaba, recitativo ke nan. Akwai kuma 'yan amshi, sai dai nasu ba maimaita bakin jagora suke yi ba, su ne jama'ar gari, ko sojoji, ko bayi.

Mataki na 4: Kallon farko

Fara da OperaVision. Kyauta ne, ba rajista, yana da shafinsa yana kuma kan YouTube. Ƙungiyar gidajen opera ta Turai ce ke gudanar da shi tun 2017 da tallafin Tarayyar Turai, kuma akwai fassarar Turanci da Faransanci da Jamusanci. Sai dai kowane wasa wa'adi gare shi, 'yan watanni ne a cire. In ka ga wanda kake so, kada ka ce sai bayan Sallah. Gidan opera na Biyana ma yana nuna wasu wasanninsa a shafinsa ga wanda ya yi rajista. Tashar Arte tana da kaya masu kyau, amma da yawansu a kulle suke ga wanda ke wajen Turai. In ka ga an ce ba a nunawa a ƙasarka, wuce kawai.

Kafin ka danna, sauke ƙarfin hoton zuwa 360p ko 480p. Wannan shi ne babban sirrin tattalin data, kuma kunnenka ba zai ji wani bambancin kirki ba. Na taɓa barin shi a kan mafi ƙarfi, data ta ƙare daidai lokacin da Tosca ta hango wuƙar a kan tebur. In kamfanin layinka yana da garaɓasar dare, yi amfani da ita.

Kalli kashi ɗaya, ka tashi. Gobe ka ga na biyu. A zauren ma hutu ake yi tsakani.

Gargaɗi biyu. Na farko, kada ka ƙure ƙara a wurin da sauti ya yi ƙasa, domin a daƙiƙa ɗaya makaɗa saba'in za su iya tashi tare, kunnenka ne zai biya. Na biyu ya fi muhimmanci a gidajenmu. Masu shirya wasa na zamani, musamman a Jamus, sukan ɗauke tsohon labari su mayar da shi gidan rawa ko asibiti, wani lokaci da shigar da ba ta dace ba, har da tsiraici. Kiɗa da kalmomi ba sa canzawa, abin da ido ke gani ne ke canzawa. Duba ɗan tallan wasan kai kaɗai kafin ka kunna a falo gaban yara ko surukai. In bai yi maka ba, nemi wani shirin na wasan, ko ka kife wayar ka saurara kawai.

Mataki na 5: Waƙa ɗaya, baki uku

Nan ne kunne ke buɗewa, kuma nan ne na fi so ka daɗe. Ɗauki aria guda daga wasan da ka gani. A Tosca, ɗauki "Vissi d'arte", wadda take rerawa a kashi na biyu lokacin da Scarpia ya ƙure ta, tana tambayar Ubangiji me ta yi ta cancanci haka. Ba ta fi minti uku da ɗoriya ba.

Saurari Maria Callas a faifan 1953 wanda Victor de Sabata ya jagoranta. Sai Leontyne Price a faifan 1962 wanda Karajan ya jagoranta. Sai ka nemi wata da ke rerawa a yau, kowace ce. Ka saurare su a jere, ido rufe, sau biyu. Sannan ka rubuta: wa ta fara a hankali kamar mai magana da kanta? A ina kowacce ta ja numfashi? Da aka hau can sama gab da ƙarshe, wa ta riƙe sautin, wa ta bar shi ya karye kamar kuka?

A kunnena, muryar Price ta fi kyau, santsi gare ta kamar man shanu a rana. Ta Callas tana da ɗaci, wani wurin ma har rawa take yi. Amma in Callas ta rera, mantawa nake da mawaƙiya, sai in ga macen da aka ƙure. Akwai hoton bidiyonta baƙi da fari na wannan kashin, wanda aka ɗauka a gidan opera na Covent Garden a Landan a 1964, ita da Tito Gobbi a matsayin Scarpia. Ka kalli hannunta lokacin da ta ga wuƙar. Kai kana iya fifita Price, ba wanda zai kai ka kotu. Abin nema shi ne ka iya faɗin dalilinka.

Ka yi hattara da sunayen da ake liƙa wa bidiyo, domin wani sai ya ɗora muryar wani ya rubuta sunan wani, ko ya sa shekarar da ba ita ba. Tashoshin gidajen opera da na kamfanonin faifai sun fi aminci. Sharhin da ke ƙarƙashin bidiyo kuwa, masoya mawaƙan da suka mutu shekara hamsin suna can suna dambe kamar 'yan ƙwallo. Karanta don nishaɗi, kada ka ɗauki karatu a wurinsu.

In tsohon faifai ya yi maka shuu kamar ana suya, ka yi haƙuri da shi. Enrico Caruso ya fara ɗaukar muryarsa a Milan a 1902, cikin wani ƙaho yake rerawa, babu lantarki a na'urar. Bayan minti biyu kunne yakan daina jin shuu ɗin.

Mataki na 6: Shiga sahun masu sauraro kai tsaye

Faifai an gyara shi, an goge kuskure. Kai tsaye kuwa tenor zai iya hawa sama muryarsa ta fashe, duniya na ji. Wannan fargabar ita ce daɗin abin.

Babbar kasuwar ita ce ta ranar Asabar. Gidan Metropolitan Opera na Niyok yana watsa wasan ranar Asabar ta rediyo tun 1931, daga wajen Disamba zuwa farkon bazarar can, kuma tashoshi da yawa a duniya suna ɗauka. Ni ta shafin tashar WQXR ta Niyok nake ji. In ta ƙi buɗewa, duba jerin tashoshin da ke shafin gidan, ka gwada wata.

Lissafin lokaci shi ne inda kowa ke tuntuɓe. Yawanci ƙarfe 1 na rana agogon Niyok ake farawa. Daga Disamba zuwa farkon Maris, wannan ƙarfe 7 na dare ne a Kano da Yamai da Garwa da Njamena, ƙarfe 6 a Kumasi, ƙarfe 8 a Khartum. A Lahadi ta biyu ta watan Maris Amurka tana tura agogonta gaba da sa'a ɗaya, mu ba ma taɓa namu, sai wasan ya dawo ƙarfe 6 a Kano. Shekarata ta farko na zauna ƙarfe 7 cif da kofin shayi, na tarar ana tafin ƙarshen kashi na farko. Dogayen wasanni kuma akan fara su da wuri, don haka duba jadawalin tun ranar Juma'a.

Lokacin yana gogayya da Magariba ko Isha'i, ya danganta da wata. Hutun tsakanin kashi yakan kai kusan rabin sa'a, ana hira da mawaƙa da kacici-kacici. Ya ishe ka alwala da salla har da lomar tuwo. In kuwa kiran salla ya riga hutun, tashi abinka, ka riga ka san labarin.

Sa ranaku biyu a kalandarka. Ranar 7 ga Disamba gidan La Scala na Milan ke buɗe sabuwar kakar wasanninsa kowace shekara, ranar waliyyin birnin, kuma gidan rediyon Italiya, Rai Radio 3, yana watsawa. A watan nan agogonsu da namu ɗaya ne. Sai ƙarshen Yuli, galibi ranar 25, da ake buɗe bikin Bayreuth a Jamus, a gidan da Wagner ya gina wa wasanninsa aka buɗe a 1876. Tashar BR-Klassik ce ke ɗauka. A lokacin Turai ta tsakiya tana gabanmu da sa'a ɗaya, ƙarfe 4 nasu ƙarfe 3 namu. Masu jin Faransanci su riƙa leƙa France Musique, ko don bayanin da mai gabatarwa ke yi kafin a ɗaga labule.

A rediyo babu fassara, saboda haka ka buɗe libretto a gefe, ko ka karanta labarin kashin da ke tafe a lokacin hutu.

Mataki na 7: Kama mawaƙi ɗaya ka bi shi

Wasannin da ake yawan yi ba su da yawa, su ake ta juyawa. Abin da ke sa mutum ya koma wa Tosca karo na goma shi ne sabon bakin da zai rera ta. Don haka zaɓi mai rai guda, wanda muryarsa ta kama ka, ka rubuta sunansa a shafin Operabase. Zai nuna maka inda zai yi wasa da ranar. Sai ka duba ko gidan yana watsawa.

Ni Pretty Yende na fara bi. 'Yar wani ƙaramin gari ce, Piet Retief, a Afirka ta Kudu, an haife ta a 1985. Tana 'yar shekara 16 ta ji mata biyu suna rera wata waƙar opera a tallan jirgin sama a talabijin, daga nan ta ce sai ta koya. Ta ci gasar Operalia a 2011, ta fara fitowa a Metropolitan a 2013, ita ce kuma ta rera a bikin naɗin Sarki Charles na Ingila a 2023. Ƙasarsu tana fitar da muryoyi kamar ana shuka su: Golda Schultz, Levy Sekgapane, Masabane Cecilia Rangwanasha. Daga Masar akwai Fatma Said. Omo Bello haifaffiyar Legas ce da ta yi suna a Faransa. Hanyar da suke bi kuwa wasu ne suka share ta: sai a 1955 Marian Anderson ta zama baƙar fata ta farko da aka ba babban matsayi a Metropolitan, Leontyne Price ta biyo a 1961, ta yi bankwana da dandamalin a 1985 da Aida.

In kana son ka riga jama'a gano tauraro, bi gasa biyu: Operalia, wadda Plácido Domingo ya kafa a 1993, da ta Cardiff da BBC ke shiryawa tun 1983, galibi duk bayan shekara biyu. A dare ɗaya za ka ji matasa da dama a jere, ka zaɓi naka kafin alƙalai su yi magana, ka rubuta sunan. Lise Davidsen ta Norwe da ta ci Operalia a 2015, yanzu manyan gidaje rububinta suke yi.

Kowane wasa ka ji, rubuta layi huɗu a littafinka: rana, sunan wasa, gida da jagoran makaɗa, sai wanda ya burge ka da dalili. Bayan shekara za ka ga kunnenka ya canza ra'ayi a kan mutane da yawa.

Mataki na 8: Sai yaushe za ka biya kuɗi?

Kada ka biya ko sisi a wata shidan farko, na kyauta ya fi ƙarfin lokacinka. In ka kai inda kake neman takamaiman wasa da takamaiman mawaƙi ka rasa, to akwai Met Opera on Demand, rumbun tsofaffin wasannin gidan na sauti da bidiyo, akwai kuma medici.tv. Da kuɗin waje ake biya, kuma ba kowane katin banki ke wucewa ba. Ɗauki na wata ɗaya, ka tanadi jerin abin da za ka kalla tun kafin ka biya, ka kuma kashe sabuntawar kai-da-kai a ranar da ka shiga, in ba haka ba sai dai ka ga saƙon cire kuɗi.

Wagner ɗin da na hana ka da farko, yanzu ka iya gwada shi. Fara da kashin farko na Die Walküre kaɗai, sa'a ɗaya ne da 'yan mintuna, mutum uku ne a ɗaki guda cikin dare, ana hadari a waje. Zaɓi daren da ba ka da sammako, ka cika fawa-bank, ka karanta labarin sau biyu.